Guntun da Umma ta Yanke

Ranar da alƙali ya ƙi karɓar bidiyon, Yaya ta ji kamar ta cire takalmi ta jefi wani. Matsalar ita ce waɗanda suka cancanci jifan sun yi yawa, takalmi kuwa ƙafa biyu ne.

Ita ce babba a 'ya'yan gidan da suka rage, kuma kowa Yaya yake ce mata, har uwar da ta haife ta. A kantin magani take aiki, inda take wuni tana fama da masu daina shan ƙwaya da zarar sun ji dama-dama, da masu zuwa sayen maganin ciwon da maƙwabci ya gano musu. Saboda haka ta ɗauka babu wani nau'in taurin kai da ba ta gani ba. Ashe ba ta taɓa shiga kotu da danginta ba ne.

Ƙaninta Auta ne a tsaye a akwatin wanda ake tuhuma, wata na uku ke nan yana tsare. Maganar kuma a kan kwata ce. Gidansu na haya ne, a saman bene, a ƙasa akwai shagon walda. Mai Walda mutum ne da ya ɗauki kwatar ƙofar gidan a matsayin kwandon shararsa, duk wani guntun ƙarfe da tsumman mai nan yake watsa su, ruwa ya toshe ya dawo har bakin matattakala. Wata safiya Auta ya sauka ya yi masa magana. Magana ta zama cacar baki, Mai Walda ya rarumo rodi ya kai masa duka, Auta ya goce ya riƙe rodin, suka yi ta ja, har Auta ya hankaɗe shi. Mai Walda ya faɗa kan tarin ƙarafansa ya karya muƙamuƙi da hannu, ya daɗe a asibiti ana ɗura masa abinci ta bututu, abin da ya sa aka hana Auta beli.

Da bakin Mai Walda ya warke, sai ya warke da wani labari dabam. Ya ce Auta ne ya fara kai masa naushi, shi kuwa ya ɗauki rodi ne don kare kansa. Ma'aikatan shagonsa biyu suka zo suka rantse a kan haka, kalma ba ta bambanta da kalma ba, har inda suke tsayawa su ja numfashi ɗaya ne.

Abin da Auta yake da shi a duniya shi ne bidiyon Umma. A safiyar nan tana tsaye a taga da wayarta tana ɗaukar hoton kwatar don ta tura wa mai gidan, ya ga da idonsa abin da take ta faɗa masa. Allah ya sa rigimar ta faɗo cikin hoton. Lauyansu, wani siririn mutum mai yawan goge tabarau, da ya ga bidiyon har tafawa ya yi, ya ce shari'a ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Ana gama haska shi a kotu lauyan gwamnati ya miƙe a hankali, irin miƙewar wanda ya san abin da ke aljihunsa.

"Ya Mai Shari'a, bidiyon nan ya fara ne da rodi a sama. Wa yake fara ɗaukar hoto daidai lokacin da rodi ya riga ya tashi? Kuma bebe ne, ba murya ko ɗaya. Mun sa masana sun duba, an haɗa shi ne kwanaki bayan faruwar abin. An yanke farkonsa, an cire sautinsa. Mu kuwa muna cewa naushin da aka kai wa mai ƙara yana cikin guntun da aka yanke."

Lauyansu ya juyo ya dubi Yaya. Yaya ta juya ta dubi Umma. Umma ta ɗaga kai tana kallon fankar silin kamar yau ta fara ganin fanka.

Alƙali ya ce kotu ba ta karɓar shaidar da aka yi wa aski. A kawo na asali, cikakke, da sautinsa, wadda ta ɗauka ta tsaya ta ce ita ta ɗauka. In ba haka ba ya cire shi daga shari'ar, a ci gaba da abin da ke gaba, abin da ke gaba kuwa shi ne bakin mutum uku a kan bakin mutum ɗaya. Ya ɗage zama zuwa mako biyu. Aka fita da Auta ta ƙofar gefe, yana waiwayen su da fuskar tambaya.

A barandar kotu Lauya ya goge tabarau har Yaya ta ji tsoron zai huda gilashin.

"Mama, me ya sa ba ki gaya min an taɓa shi ba?"

"Ba taɓa shi aka yi ba, gyara shi aka yi," in ji Umma. "Farkon hannuna yana rawa. Ba ya kyan gani."

"Mama, ba gasar hoto muka zo ba. Ina na asalin?"

"Na goge."

"Kin goge?"

"Wayar ce ta cika."

Yaya ta dafe kai. Wayar nan tana ɗauke da hoton kowane jariri da aka haifa a dangi, da saƙonnin barka da safiya masu furanni na shekara da shekaru, ba a goge ko ɗaya ba. Sai abu guda da zai fitar da ɗanta daga kurkuku, shi ne ya cika waya.

"In ba a samo shi ba," Lauya ya ce da Yaya a gefe, "ki shirya wa shekaru. Ba na so in faɗi nawa."

A mota Yaya ta yi ta juya abin, kuma ba ta sha wahalar gano dalili ba, don ta san uwarta. Umma a waje mace ce mai kamun kai, ita ake kira sulhu in maƙwabta sun saɓa, ita ke yi wa matan unguwa faɗa a kan tarbiyya. Amma a cikin gida, in ranta ya ɓaci, tana da wasu kalmomi da ko direban babbar mota zai ji ya sunkuyar da kai. Mai Walda kuwa ya daɗe yana shan su ta bayan labule.

"Umma, ashar kika yi a ciki, ko?"

Umma ta gyara zaman mayafinta.

"Don Allah in ashar ce ki bari a ji. Alƙalin nan kullum da ɓarayi da 'yan daba yake wuni, ya ji wadda ta fi taki. Ba wanda zai cire miki girma."

"Na ce miki na goge."

"Wa ya yanke miki? Ke da ko ƙara haske ba ki iya ba sai kin kira ni."

"Ke dai kin iya tsare mutum da tambaya kamar 'yar sanda."

Daga nan ta juya ga taga, ta ce kanta yana ciwo.

Wanda ya yanke ɗin bai yi wuyar samu ba. Mutum ɗaya ne Umma ta yarda ya taɓa mata waya, wani mai gyara da ke da ɗan shago a ƙarƙashin matattakalar wani dogon gini, wurin da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita kafin ɗayan ya juya. Yaya ta same shi ya duƙufa a kan cikin wata waya da ɗan ƙarfen narka dalma, gefensa kwali cike da matattun wayoyi. Yana ganinta ya ajiye ƙarfen, bai ma bari ta gama sallama ba.

"Anti, na san abin da ya kawo ki."

"To madalla, ka rage min aiki. Kana da na asalin?"

"Yana cikin kwamfuta. Ba na goge aikin mutane."

Yaya ta yi hamdala. Ta miƙa masa wayarta. "Zuba min."

"Ba zan iya ba. Mama ta sa na rantse."

"Ta sa ka me?"

"Na rantse ba zan nuna wa kowa ba, musamman 'ya'yanta. Sai in ita ta warware min."

"Bawan Allah, ƙanena yana kurkuku. Ka san kurkuku? Ba wurin cajin waya ba ne."

"Wallahi na sani, Anti. Kullum abin yana raina. Amma rantsuwa rantsuwa ce."

Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kira shi ƙanena, ta kira shi abin da ba ƙane ba. Mutanen da ke jiran gyara suka matso suna ba da shawarar da ba wanda ya tambaye su. Wani dattijo ya ce ai rantsuwar da za ta cutar da wani ba a riƙe ta, wata mata ta ce a'a, ya danganta. Nan take suka kafa tasu kotun a bakin shagon. Mai gyara dai ya kafe kamar ƙusa.

"Duk wannan a kan ashar!" Yaya ta ce tana tattara jakarta.

Ya ɗago ya dube ta, sannan ya mayar da ido kan teburinsa. "Anti, ba ashar ba ce."

Bai ƙara komai a kai ba, duk da ta tsaya ta jira.

Akwai mutum ɗaya kuma da ya san abin da ke ciki, Maman 'Yan Biyu ta ɗakin da ke kallon nasu, wadda take tsaye kusa da Umma a taga a ranar. Matar nan tana iya jiyo faɗan mata da miji daga hawa biyu a sama, ta kawo shi da ɗuminsa. Amma da Yaya ta tambaye ta me Umma ta ce a safiyar nan, sai kunnenta ya sami matsala. Ta ce ƙarar injin walda ta hana ta jin komai, ta ce kuma tsufa ya fara, ta ce tana da tukunya a wuta.

Ranar ziyara Yaya ta je gidan yari. Aka sa ta a layi a rana, aka buɗe ledar da ta kawo aka tsattsaga burodin ciki, sannan aka kai ta wani ɗaki mai ragar wayar ƙarfe a tsakiya, kowa yana ihu don a ji shi. Auta ya fito da wata riga da ta yi masa yawa. Shi mai fenti ne, duk rayuwarsa ba ta taɓa ganin farcensa ba launi ba, yau ga su fes, abin ya ba ta tausayi fiye da ramar da ya yi. Ƙuraje sun feso masa a wuya.

"Yaya, me ya faru da bidiyon?"

"Umma ce ta kai aka yi masa kwalliya."

Ya yi dariya har da tari. "Umma ke nan. Ina fata dai ta sa an ƙara min haske."

"Kai komai wasa ne a wurinka? Shekaru ake maganar za a ba ka."

Dariyar ta ɗauke. Ya sa yatsu cikin ramukan wayar ya riƙe. "Na sani. Akwai wani a ɗakinmu, shi ma turewa ya yi, yanzu 'yarsa ta yi aure bai gani ba." Ya matso da fuskarsa kusa. "Ki samo shi, Yaya. Ba zan iya wurin nan ba."

Auta bai taɓa roƙonta komai da wannan murya ba. Shi ne ɗan da ya bar makaranta, shi ne wanda ake kawo ƙararsa tun yana rarrafe, kuma duk dukan da ya sha a gidansu bai taɓa cewa a yi haƙuri ba. Ta fito daga gidan yarin ta wuce ofishin Lauya kai tsaye, ko ruwa ba ta tsaya sha ba.

Lauya ya saurare ta, ya ce abin da sauƙi. Kotu za ta iya aika wa mai gyara sammaci ya zo da kwamfutarsa, rantsuwar da ya yi wa Mama ba ta hana sammaci aiki. Sai dai zai fi kyau Mama ta kawo da kanta, don dole dai ta tsaya ta ce ita ta ɗauka.

Da wannan Yaya ta koma gida da yamma. Ta tarar da Umma a falo tana ninke rigunan Auta, waɗanda ta riga ta wanke ta ninke ba sau ɗaya ba. A bango saman kanta hoton Injiniya ne, babban wansu, wanda haɗarin mota ya ɗauke shekarun baya yana dab da gama karatu. Tun yana yaro ake ce masa Injiniya don ba abin da zai lalace a gidan bai gyara ba. Kullum da safe Umma sai ta goge gilashin hoton nan da gefen mayafinta.

"Umma, na je wurin mai gyara. Yana da shi."

Hannun Umma ya tsaya a kan riga.

"Bai ba ni ba, kar ki damu, ya riƙe miki amana kamar ke kika haife shi. Amma Lauya zai sa kotu ta kira shi da kwamfutar. Ko ki kai da hannunki, ko a ƙwato. Zaɓi ya rage naki."

"Ni za ki kai ƙara?"

"Ba ƙararki na kai ba. Ɗanki nake so in fitar, tunda ke kin fi son ninke rigunansa da ganin sa a cikinsu."

Maganar ta fi ƙarfin abin da ta yi niyya, amma ba ta janye ba. Ta gaji. Ta gaji da layin gidan yari, da tabarau ɗin Lauya, da roƙon mai kanti ya ba ta rana, da mutanen da kowannensu ya san wani abu ya rufe baki yana jin shi mutumin kirki ne.

Umma ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki, ta dawo da wayar. Ashe ba a goge komai ba, mai gyara ya ɓoye mata shi a wani lungu na wayar ya koya mata hanya, kuma matar da ba ta iya ƙara haske ba ta bi hanyar nan ba kuskure. Ta miƙa wa Yaya, ta zauna ta juya mata baya.

Hoton ya fara da kwata, baƙin ruwa da tsummoki. Hannun Umma ko kaɗan ba ya rawa. Sai ga Auta ya fito daga ƙofar bene, hannuwansa biyu a bayansa, ya tsaya nesa da Mai Walda yana nuna kwatar da haɓa. Bai matsa ba, bai ɗaga hannu ba. Ko makaho ya ga wannan ya san ba naushi. Sai muryar Umma ta fito, kusa, a sarari, irin muryar da take hira da ita in tana tsince wani abu a tire.

"Ga shi nan ya sauka, uban 'yan neman rigima. Wallahi na gaji da yaron nan, Maman 'Yan Biyu. Mutuwa ba ta iya zaɓe ba. Ta ɗauke min Injiniya ta bar min wannan. Da ni aka tambaya, da musanya na ce a yi."

A ƙasa Mai Walda ya sunkuya ya ɗauki rodi. Umma ta juyo ta fizge wayar ta kashe.

"Sauran kin gani," ta ce.

Ƙarar injin walda tana ta hawowa daga ƙasa, don shagon bai fasa aiki ko rana ɗaya ba. Yaya ta nemi fushin da ta shigo da shi ta rasa inda ya shiga. Wani ya zo a madadinsa, wanda ya fi shi nauyi.

"Umma, me ya kai ki?"

"Baki ne. Magana zarar bunu ce, ta fita. Na manta wayar tana ji." Muryarta ta karye. "Ba har zuciyata ba ne. Ko kuma a lokacin har zuciyata ne, ban sani ba. Raina a ɓace yake, da safen nan ya gama yi min rashin kunya a kan kwano."

"Shi ne kika bar shi a can."

"In aka ɗaure shi, wata rana zai fito ya dawo min. In ya ji wannan, ina zai dawo? Ki gaya min. Na rasa ɗaya, so kike in rasa na biyun yana raye?"

"Gara ya ƙi ki yana waje da ya so ki yana kurkuku."

"Ke kike ganin haka."

"Shi ma haka zai gani. Na gan shi yau, Umma. Wuyansa duk ƙuraje."

Umma ta ɗauki rigar da ke cinyarta ta rufe fuska da ita. Yaya ba ta rarrashe ta ba, ba ta kuma tashi ba. Ta zauna har kukan ya lafa, sannan ta karɓi wayar ta sa a jakarta, don ta san halin uwarta in gari ya waye.

Washegari ta gwada duk wata ƙofa a wurin Lauya. A haska ba sauti? Alƙali ya ce da sautinsa, kuma lauyan gwamnati zai ce barazanar Auta aka ɓoye. A rage sautin daidai wurin? Wannan shi ne askin da ya jawo musu bala'in tun farko. A fitar da Auta waje kafin a kunna? Ba a sauraron shaida a bayan wanda ake tuhuma, haƙƙinsa ne ya ji duk abin da aka kawo. Yaya ta ce wannan wane irin haƙƙi ne da ba a iya yafe wa mutum shi. Lauya ya cire tabarau zai goge, ta ce in ya goge su a gabanta sau ɗaya tak za ta karya su. Ya mayar.

Ta yi niyyar ta gaya wa Auta da bakinta kafin ranar. Ta je, ta bi layi, ta tsaya a gaban wayar ƙarfen, ta ce masa an samo na asalin. Ya yi ta murna yana buga wayar da tafin hannu har gandiroba ya daka masa tsawa. Sauran maganar ta maƙale mata a wuya, ta dawo da ita gida.

Ranar zama Umma ta shiga akwatin shaida, ta zama 'yar ƙarama a ciki. Ta ce ita ta ɗauka, ita ta sa aka yanke. Da aka tambaye ta dalili ta ce kotu za ta ji da kunnenta. Ma'aikacin kotu ya yi ta fama da igiyoyi, hoto ya zo ba murya, murya ta zo ba hoto, ya murɗa lasifikar har ƙarshe yana neman inda matsalar take. Saboda haka lokacin da abin ya haɗu, muryar Umma ta cika ɗakin har baranda.

Mutuwa ba ta iya zaɓe ba.

Wani a baya ya ce subhanallahi. Yaya ba ta dubi Auta ba, ta kasa. Ta kafa ido a kan allon, inda rodi ya tashi ya sauko. A nan ne wani ihu ya fashe daga lasifikar, wanda ita ma ba ta taɓa ji ba, don a gida ba a kai nan ba.

"Wayyo ɗana! Zai kashe min ɗa! Auta! Jama'a ku taimake ni, ɗana!"

Hoton ya karkace, aka ga silin, aka ji gudu a matattakala, ya ƙare.

Alƙali, wanda yake rubutu da hannu, ya ce bai samu kalmomin farkon daidai ba, a maimaita. Yaya ta rufe ido. Aka maimaita, tun daga kwata.

Bayan haka abin bai ɗauki lokaci ba. Lauyan gwamnati ya nemi ɗan hutu, ya fita da Mai Walda, ya dawo shi kaɗai ya ce sun janye tuhumar. Alƙali ya sallami Auta, ya kuma ce yana so ya ga ma'aikatan shagon nan biyu a kan rantsuwar da suka yi. Lauya ya miƙo wa Yaya hannu yana murmushi, ya ga fuskarta, ya mayar da hannunsa aljihu.

A baranda suka jira shi. Umma ta zauna a kan benci ta ja mayafi har goshi, tana kallon ƙafafunta. Da Auta ya fito, da 'yar ledar kayansa a hannu, ya tsaya a gabanta. Ba ta ɗago ba.

"Umma, wai wannan ce maganar?"

Umma ta ƙara sunkuyar da kai.

"Wannan kika ɓoye? Ai kin faɗa ranar da aka kawo gawar Injiniya, ina bayan ƙofar kicin. Kin faɗa ranar da na bar makaranta. Kin taɓa faɗa wa Gwaggo a waya ina kwance a falo, kin ɗauka barci nake." Ba da faɗa yake magana ba, da mamaki ne, kamar wanda aka aika nesa neman abin da ke aljihunsa. "Na ɗauka kin san na sani. Wata uku ina kwana kusa da bokitin fitsari saboda maganar da na haddace tun ban fara aske gemu ba?"

Kafaɗun Umma suka fara rawa. Yaya ta buɗe baki ta ce ya isa, ta ga ba ta da hurumin cewa.

Auta ya sauya ledar daga hannu zuwa hannu. Ya dubi farfajiyar kotun, inda mutane ke ta shige da fice da takardu.

"Na ƙarshen nan ne ban taɓa ji ba," ya ce a hankali. "Shi ma kin sa an cire."

Umma ta miƙa hannu ba tare da ta ɗago ba, ta kama gefen rigarsa ta riƙe. Bai matsa kusa ba, bai kuma janye ba.

"Yaya, yaushe za su dawo da wayar?"

"Lauya ya ce sai an gama rubuce-rubuce."

"In an dawo da ita ki tura min." Ya share hanci da bayan hannu. "Ƙarshen kawai nake so. Ki sa a yanke min."

Yaya ta dube shi, mako biyu na masifa a kan yanke-yanke suka taso mata har maƙogwaro. Ta haɗiye su.

"To," ta ce. "Zan kai wa mai gyara."